Wasiƙa daga Kanada: Wutar dajin da na gani a nan, da wadda muke kunnawa a gida

Zuwa ga 'yan'uwana mutanen Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana girbi lafiya, ina rubuto muku ne daga birnin Edmonton na lardin Alberta a ƙasar Kanada, domin na san hunturu ya ƙarato, kuma nan ba da jimawa ba duk wanda ya bi hanyar Zariya ko ta Kachia da dare zai riƙa hangen jan layin wuta yana rarrafe a cikin daji. Mun saba da ganinsa har ba ya ɗaga mana hankali, kuma ni ma haka nake kafin zaman ƙasar nan.

Wata safiya a watan Mayun 2023 na fito zan tafi aiki, sai na ga gari ya yi duhu, rana ta yi ja wur kamar ranar da hazo ya rufe Kaduna. Na ɗauka ƙura ce, sai warin ƙonannen itace ya cika mini hanci. Wutar tana ci ne can nesa da mu, amma 'yata mai ciwon asma ta yi kwanaki ba ta leƙa waje ba, mahaifiyarta tana toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul. A shekarar 2023 ɗin gobarar daji ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a Kanada, wato fiye da ninki uku na faɗin jihar Kaduna, hayaƙinta ya rufe New York a watan Yuni, sannan a watan Agusta aka kwashe mazauna birnin Yellowknife, su kusan 20,000.

Kusan rabin gobarar dajin Kanada aradu ce ke tayar da ita, saura kuwa aikin mutane ne, kamar wutar da masu yawon daji suka bari ba su kashe ba. Sai dai abin da ya kunna wuta ba shi ne ke mayar da ita bala'i ba. Busasshen daji ne da zafi da iska, kuma sauyin yanayi yana ƙara wa fari tsawo. A ranar 29 ga Yunin 2021 zafi ya kai digiri 49.6 a ƙauyen Lytton, abin da ƙasar ba ta taɓa gani ba, washegari wuta ta cinye mafi yawan ƙauyen. A garin Fort McMurray na lardin Alberta kuwa, a watan Mayun 2016, wuta ta tsallake kogin Athabasca, mutane kimanin 88,000 suka bar gidajensu, gine-gine wajen 2,400 suka ƙone. Garwashin da iska ke ɗauka ta jefa gaba shi ne ke tsallake kogi, ya sauka a kan rufi ko tarin itacen girki, gida ya kama tun harshen wutar bai iso ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake maganinta. An yi shekaru da dama a nan ana kashe kowace wuta da zarar ta tashi, har aka hana 'yan asalin ƙasar al'adarsu ta ƙona ciyawa kaɗan-kaɗan tun ƙasa tana da danshi. Sai busassun rassa da matattun itatuwa suka yi ta taruwa, ranar da wuta ta same su babu mai iya tare ta. Idan ta kai wannan matsayi, jirage masu saukar ungulu da katafila iyakarsu su karkata ta. A 2023 har daga Afirka ta Kudu aka ɗauko masu kashe gobara. Yanzu an dawo ana ƙona daji da gangan a ranar da aka zaɓa. A yankin dazukan Alberta, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba, ba a ƙona shara ko gona sai da takardar izini, kuma ana koya wa mai gida ya bar mita ɗaya da rabi a kewayen gini babu abin da wuta za ta ci, ya kuma ajiye itace nesa da aƙalla mita 10. Da na ji wannan, kakana na tuna, wanda ba ya barin dami a gona sai ya share kewayenta da fartanya.

Dajinmu na ciyawa ne, wutarsa tana gudu ta mutu, ba kasafai take cin gari ba, shi ya sa muke raina ta. Amma ina yaro na ga kawuna a tsaye a gonarsa a ƙasar Giwa, hannu a ka, dammunan dawarsa na shekara guda sun zama toka saboda yaran da ke farautar gafiya sun cinna wa kunya wuta sun tafi. Bai yi magana ba, sandarsa kawai yake sa wa yana tona tokar, ko zai sami zangarniyar da ta tsira. Bayan hatsi, wuta tana cin harawa da karan da dabbobi za su ci da rani, tana kashe 'yan ƙananan ɗorawa da kaɗanya tun ba su tasa ba, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya wanke ta. Dabbar da ta rasa abinci a daji kuwa fadama za ta nufa, kuma duk mun san irin rigimar da ke biyo baya.

Da rani ba a yin aradu a wajenmu, don haka kusan duk wutar da ta tashi hannun mutum ne: maharbi, ko makiyayi mai neman sabon tsiro, ko manomi mai sharar gona, ko matafiyi da guntun taba. Ba na cewa a daina ƙona daji gaba ɗaya, domin na ga inda hakan ya kai mutanen nan. Roƙona shi ne dagaci da arɗo da sarkin noma da sarkin baka su zauna tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, su tsayar da rana da wurin da za a ƙona, a yi shi da yamma bayan iska ta kwanta, da mutane a tsaye riƙe da ɗanyen ganye, bayan an share gefen gonaki an kwashe amfani. Limamanmu ma za su iya tunatarwa a huɗuba.

Na aika wa ƙanena kuɗin ƙwadago domin a share kewayen gonar mahaifinmu a makon nan, na kuma roƙe shi ya fara zuwa wajen maƙwabcinmu na gabas, tunda ta can iskar hunturu take shigowa.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a Edmonton.