Fitilu, tele da kilim a kan waya: yadda ake haɗa su a gidan Yamai

Ƙarfe uku na dare, an ɗauke kuran tun ƙarfe biyu, gida ya yi tsit. Wuta na dawowa sai kowane ƙwan fitila ya kama da cikakken haskensa, na ɗakin yara, na ɗakin tsohuwa, har na falo da ba kowa a ciki. Wannan shi ne abin da ke fara cin mutanen da suka sayi ƙwan fitila mai wayo, wanda ake sarrafawa da wayar salula, a Yamai, kuma ƙwan bai lalace ba. Haka aka ƙera shi: da zarar wuta ta shige shi sai ya kama, don ya ɗauka wani ne ya danna makunnin bango. Maganin yana cikin manhajarsa, wurin da ake zaɓar abin da zai yi in wuta ta dawo. Yawanci zaɓi uku ne: ya kama, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda aka bar shi. Na ɗakunan kwana a sa su a kashe, na ƙofar gida da tsakar gida a sa su koma yadda suke. Ƙwan da ba shi da wannan zaɓi, a bar wa mai shago kayansa.

Akwai wadda ta fi wannan ciwo. Ƙwai masu araha da yawa, in aka kashe aka kunna su sau uku ko biyar a jere, sukan goge duk abin da aka saita musu, su shiga ƙifce-ƙifce suna jiran a sake haɗa su da wayar salula. Wutar da ke zuwa tana komawa a lokacin zafi tana yi musu wannan aikin ba da hannun kowa ba.

Shi ya sa a ganina ƙwan mai wayo na ado ne, a sa ɗaya ko biyu a falo don canza launi. Sauran gida a bar ƙwan LED na yau da kullum, a ɓoye ƙaramar na'urar rele, mai kunna wuta da kashe ta bisa umarnin wayar salula, a bayan makunnin bango, irin su Shelly 1 Mini mai ɗaukar amfiya 8 ko Sonoff MINI R4 mai amfiya 10. Makunni na nan yana aikinsa. Baƙo, yaro, kaka da ba ruwanta da manhaja, kowa ya danna yadda ya saba, waya kuma tana ganin abin da aka yi. Da ƙwan mai wayo kuwa, mutum ɗaya ya kashe makunni, shi ke nan ƙwan ya mutu a manhaja sai an je an kunna da hannu.

Kafin a sayi ko guda ɗaya, a sauke disjonktar, a gwada a tabbatar babu wuta, a buɗe makunni a leƙa. Yawancin relen nan suna buƙatar waya biyu don su rayu: mai ɗauke da wuta, wadda masu aikin lantarki ke kira faz, da ta komawa, wato nitir. Bisa tsarin Faransa da aka saba bi a nan, nitir shuɗiya ce, faz ja ko ruwan ƙasa, ta ƙasa kuma kore da rawaya. Amma kada a rantse da launi, don gini da yawa an ja shi ne da wayar da ta samu a kasuwar Katako ranar aikin. A gidaje da dama faz kaɗai ke sauka wurin makunni, nitir tana can sama wajen fitila. In haka ne, ko dai a jawo nitir mai kauri 1.5 mm² ta cikin bututu, ko a sa relen can sama a akwatin haɗin waya, ko a sayi irin da ba ya neman nitir, kamar Sonoff ZBMINI L2. Irin na ƙarshen nan yana rayuwa ne da ɗan kuran da yake bari ya bi ta cikin ƙwan, saboda haka wasu ƙananan ƙwai sukan yi ɗan haske ko ƙifci bayan an kashe su. Ana magance shi da ɗan kondansatar da ake ɗaurawa a ƙafafun fitilar. A kuma duba zurfin akwatin bango: mai milimita 40 da ƙyar yake ɗaukar rele da makunni da wayoyi tare, mai 50 ya fi.

Zafi fa? Takardar waɗannan na'urori biyu da na fara ambata ta tsaya ne a digiri 40, alhali a watan Afrilu inuwar Yamai kanta tana wuce nan. Bangon yamma da ya sha rana tun azahar, ko ƙarƙashin rufin kwano, ya fi haka nesa. Don haka lambar amfiyar da ke jikin kwali ba abin cikawa ba ce, a tsaya wajen rabinta. Sannan akwai wani abu da lissafin wat ba ya nunawa. Fitilu goma masu wat 18 wat 180 ne, bai ma kai amfiya ɗaya ba, amma a ƙiftawar farko ta kunnawa ƙwan LED yana fizgar kuran ninkin-ba-ninkin na abin da yake ci. Wannan fizgar ce ke narkar da bakin rele ya manne, fitila ta ƙi mutuwa ko an danna sau goma. Layi mai fitilu da yawa a raba shi biyu, ko a bi da shi ta kontaktar, wato babban rele mai ɗaukar nauyi.

Sai maganar yadda na'urorin za su ji juna. Na Wi-Fi sun fi sauƙin farawa, amma kusan dukkansu zangon 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, kuma ƙaramin akwatin intanet na aljihu wani ba ya ɗaukar fiye da na'ura 10 ko 16. Babbar illar masu arahar cikinsu ita ce umarni sai ya fita waje. Ka danna a falo, saƙon ya tafi wata uwar na'ura a ƙetare, ya dawo, sannan fitilar da ke bisa kanka ta kama. Kuɗin intanet ya ƙare ko rezo ya faɗi, ka zama ɗan kallo. Zigbee, wata hanyar da na'urori ke magana da juna ba tare da Wi-Fi ba, ba ta bi ta nan: kowace na'ura mai cin wutar bango tana miƙa saƙo ga ta gaba, abin da ke da amfani a gida mai faɗi, mai bangon bulo da rodi, inda fitilar ƙofa ke can nesa da falo. Sai dai irin marasa nitir ba sa miƙa saƙo, don haka a sa filogin Zigbee biyu ko uku a tsakani su zama gada.

Ƙwaƙwalwar gidan ita ma ta zauna cikin gida. Manhajar Home Assistant kyauta ce, tana zama a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, tana sarrafa Shelly da Zigbee ko babu intanet. Sandar Zigbee, ƴar na'urar USB da kwamfutar ke jin Zigbee da ita, kada a soka ta kai tsaye a jikin kwamfutar. A sa mata igiyar USB mai tsawon mita ɗaya, domin ramin USB 3 yana fitar da hayaniyar da ke toshe zangon Zigbee. Katin SD kuwa ba ya jure ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu, a yi amfani da SSD. Abu mafi muhimmanci, kwamfutar da akwatin Wi-Fi su samu batirinsu. Su biyun suna cin kamar wat 15. Batiri mai volt 12 da 7Ah yana ɗauke da wat-awa 84 a takarda, rabinsa ne ya kamata a ci in ana so ya daɗe, ke nan abin da bai kai awa uku ba. Mai fanon hasken rana da batiri babba sai ya ɗora su a layin da ba ya mutuwa, da sharaɗin injin juya wutar ya zama mai fitar da tsabtataccen kuran, don mai arahar nan yana sa na'urorin rage haske ƙugi da zafi. Wani ƙaramin tarko: Raspberry Pi 4 ba shi da agogon da ke ci gaba da tafiya in ya mutu. Ya tashi babu intanet, lokacinsa ya karkace, fitilar magariba ta kama da hantsi. Pi 5 yana da wurin sa ɗan batirin agogo.

Ɓangaren kallo ya fi sauƙi, in an fara da abin da aka riga aka biya kuɗinsa. Igiyar HDMI tana iya kai umarni tsakanin tele da dekoda da lasifika, sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. A kunna shi a kowace na'ura, a soka lasifikar a ramin da aka rubuta ARC, rimot ɗaya ya isa ƙara murya da kashe duka. Abin da bai ji wannan yare ba, tsohon dekoda ko kilim, sai a kawo masa na'urar da ke kwaikwayon rimot, kamar Broadlink RM4 mini. Ana nuna mata rimot ɗin a danna maɓalli, ta haddace. Dole tana hangen na'urar ido da ido; dekodan da aka rufe cikin kabad ba zai ji ta ba, kuma hazon hunturu in ya lulluɓe fuskarta yana rage mata nisa, a riƙa sharewa. Mai haɗa ta da Home Assistant ya cire kullen da ke cikin manhajarta tukuna, in ba haka ba ba za su gaisa ba.

Raunin na'urar kwaikwayon rimot shi ne tana magana ba ta jin amsa. Maɓallin wuta na tele guda ne, shi ke kunnawa shi ke kashewa. Ka ce a kashe komai alhali yaro ya riga ya kashe telen da hannu, sai na'urar ta kunna ta. Dabarar ita ce a soka telen a filogi mai auna cin wuta. Tana barci ba ta cin fiye da wat ɗaya ko biyu, tana aiki tana cin gommai. Sai a rubuta ƙa'ida: a aika umarnin kashewa ne kawai in cin ya wuce wat 15. Rimot ɗin kilim galibi bai da wannan matsala, don kowane danni yana aika bayani cikakke, digiri da ƙarfin iska da komai, kuma kunnawa daban kashewa daban. Ta nan ya kamata a sarrafa kilim. A yanke masa wuta da ƙaramin rele ganganci ne, kwampuresa na fizga sosai wajen tashi. Fankar sama ita ma kada a ɗora ta a na'urar rage hasken fitila: za ta yi ƙugi, injinta ya yi zafi. Tana da nata irin.

In waɗannan sun zauna, sai a ɗaure su a maɓalli ɗaya. Na kallon ƙwallo, misali: tele ta kama, a jira daƙiƙa biyar ta farka, a koma ramin dekoda, fitilar sama ta mutu, zaren LED na bayan tele ya kama, kilim ya tsaya a 26. Jiran nan ne mutane ke mantawa, umarni na biyu ya iso tele ba ta gama tashi ba ya faɗi ƙasa banza. Zaren bayan tele fari mai 6500K ya fi dacewa da launin hoto, na ɗakin kwana kuwa mai ɗumi, 2700K. Zare mai cin wat 14.4 a kowace mita, mita biyar wat 72 ne, amfiya 6 a volt 12, don haka a saya masa taransifoma mai amfiya 8 ya samu sarari. Fitilun waje kada a ɗaure su da ƙarfe kaza, domin faɗuwar rana a Yamai tana motsawa da kusan awa guda, daga wajen 6:20 a Nuwamba zuwa bayan 7:15 a Yuli. A ɗaure su da faɗuwar ranar kanta. Home Assistant tana da lissafin lokutan salla ma, ana iya sa muryar tele ta yi ƙasa in magariba ta yi, bayan an daidaita mintocin da kiran masallacin unguwa. Lasifikan Alexa suna jin Faransanci, ba sa jin Hausa, kuma ba intanet ba magana. Ɗan maɓallin Zigbee mai batiri a kan tebur ya fi su amfani ga mutanen gida.

Saura kariya, wadda ita ce ya kamata a fara kashe wa kuɗi. A tablo a sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa, a saita ta kamar 250 a sama, 180 a ƙasa, da jinkirin minti uku kafin ta maido. Jinkirin yana hutar da kwampuresa, yana kuma hana ƙifcin da ke goge ƙwai, haka nan lokacin sauyawa zuwa gurup. A gefenta a sa maganin tsawa, amma shi ba ya aiki sai da sandar ƙasa ta gaske, an kafa ta an auna, ba wayar da aka naɗe a bututun famfo ba. Da damina tsawa takan shigo ta igiyar parabol, ta bi dekoda, ta ƙone ramin HDMI na tele, wutar bango ba ta san an yi ba. Wannan igiya ita ma tana da tata ƴar na'urar kariya da ake ɗaurawa kafin dekoda.

Ranar da aka gama aiki, kafin a sallami mai gyara, a cire layin intanet, a sauke babban disjonktar, a ƙirga minti biyu a mayar. A zaga ɗaki-ɗaki a danna kowane makunni, a duba wace fitila ta kama da kanta, wace na'ura ta ɓace a manhaja. Wadda ta ɓace, galibi ta riga akwatin Wi-Fi tashi ne ko adireshinta ya canza, sai a shiga akwatin a ba ta adireshi tsayayye, a sake sauke disjonktar a gani.