Hayaƙi a gonakin inabin Bordo

Jirgin ƙasan da ya ɗauke ni daga tashar Montparnasse ta Paris ya isa Bordo cikin awa 2 da 'yan mintoci, ko gyangyaɗi ban samu na yi ba. Tsakiyar watan Maris ne na 2025, sanyi ya fara sassauci amma bai tafi ba. Wanda ya tarbe ni wani tsohon abokina ne da ke karatun aikin gona a birnin, in an yi hutu kuma yana ƙwadago a gonakin inabi. Ni ba na shan giya, shi ma haka. Da ya ce gobe zai kai ni in ga inda ake noman giyar inabin da ta fi kowacce suna a duniya, sai na ce masa me ya haɗa kifi da kaska. Ya ce ai ba sha za mu je yi ba, kasuwa za mu je kallo, kuma kasuwar tana ci da wuta. Na ɗauka salon magana ne kawai.

Da yamma muka taka a gaɓar kogin Garonne har unguwar Chartrons, inda dillalan giya suka kafa rumbunansu shekaru aru-aru. Birnin nan da fatauci ya ginu. A 1152 Eleanor, magajiyar yankin Akwiten inda Bordo take, ta auri Henry wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara 2, daga nan jiragen ruwa suka riƙa jigilar gangunan Bordo zuwa Ingila, har mulkin Ingilishi ya ƙare a yankin a 1453 amma cinikin bai ƙare ba. Gangar katakon da suke amfani da ita lita 225 take ci, huɗu daga cikinta su ne ma'aunin da dillalai ke sa farashi a kansa har gobe, wato lita 900. Can ƙarshen unguwar akwai katafaren gidan tarihin giya mai ƙyalli da aka buɗe a 2016. Ban shiga ba, ƙafata ta riga ta gaji.

Washegari da sassafe muka ɗauki wata tsohuwar mota ta aro muka nufi Saint-Émilion, gabas da birnin. Gari ne ɗan ƙarami a kan tudu, da coci da aka sassaƙa a cikin dutse, kuma tun 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Kowane lungu shagon giya, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto, a bayan gilashi kuma ga kwalabe na ɗaruruwan Yuro kowacce. Wanda ya tsaya a nan ya juya, zai rantse ba abin da ya sami sana'ar. Ni ma har na fara yi wa abokina tsiya, ina wutar da ya ce? Bai tanka ba, ya dai ce mu hau mota.

Muna tsallake kogin Dordogne ta gadar Branne muka shiga yankin da suke kira Entre-deux-Mers, ƙasar da ke tsakanin kogunan Garonne da Dordogne. Ba mu yi tafiyar minti 15 ba na hango hayaƙi fari yana tashi bayan wani tudu. Da muka matsa sai ga fili fetal, an tumɓuke kuringar inabin kaf, an tara kututturan tsibi-tsibi kamar ƙananan bukkoki, waya da turakun ƙarfe a lanƙwashe a gefe. Ɗaya tsibin na ci. Gaba kaɗan wani filin, gaba kuma wani. A tsakaninsu akwai gonakin da ba a tumɓuke ba kuma ba a kula da su ba, ƙaya ta haye kan layuka. Abokina ya ce waɗannan su suka fi tayar wa maƙwabta hankali, domin gonar da aka yi watsi da ita matattarar cuta ce, ƙwari na kwasowa su kai wa mai lafiya.

Mutumin da muka je wurinsa abokina ya taɓa yi masa aikin girbi. Dattijo ne da zai haura shekara 60, hannayensa duk sun tsattsage, almakashin aski na leƙe daga aljihun rigarsa, don lokacin sassabe rassan inabi ne. Ya shigar da mu rumbu. Tankunan ƙarfe dogaye a jere, ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan yatsa, ƙarar ta fito a dushe. Ya ƙwanƙwasa na biyu, haka. A cike suke, kuma wani na shekarar da ta wuce ne, wani na wadda ta gabace ta. Ya ɗauko kofuna uku zai tsiyaya mana, abokina ya tuna masa cewa ba ma sha. Ya dube mu, ya dubi tankunan, ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce to ga wasu biyun sun ƙaru. Ƙarshenta kofi ya dafa mana.

A teburin kicin ɗinsa na fahimci lissafin. A lokacin dillalai na taya ma'aunin nan na lita 900 ƙasa da Yuro 1,000, abin da bai biya kuɗin noma ba, shi ya sa ake samun kwalbar Bordo a manyan kantuna ƙasa da Yuro 3. A Disamban 2022 manoma suka fito zanga-zanga a titunan birnin, abin da suke nema kuwa shi ne a biya su su cire gonakinsu. A 2023 gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar suka amince da Yuro 6,000 kan kowace hekta, da niyyar cire hekta 9,500 daga kusan 110,000 da yankin ke da su. A shekarar ce kuma aka ware Yuro miliyan 200 don a sayi rarar giyar Faransa a tace ta ta koma sinadarin masana'antu, irin na turare da man wanke hannu. Bayan nan aka fito da wani shirin na ƙasa baki ɗaya, Yuro 4,000 kan hekta. Mutum ya shekara yana feshi da aski da girbi, a ƙarshe a mai da guminsa man goge hannu. Ban san yadda ake haɗiye wannan ba.

Na tambaye shi wa ya ƙwace masa kasuwa, ina tsammanin zai ce Sifaniya, tunda na san a Oktoban 2023 manoman kudancin Faransa sun tare manyan motocin da suka shigo da giyar Sifaniya mai araha suka malalar da ita a titi. Sai ya nuna teburin da muke zaune. Ya ce mahaifinsa bai taɓa cin abincin rana ba kwalba a nan ba, 'ya'yansa kuwa sai in ana biki. Alƙaluma na bayansa: a shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya kan sha lita fiye da 100 a shekara, yanzu abin ya sauko wajen 40. Tun 1991 doka ta ɗaure tallan barasa a ƙasar, matasa kuma sun karkata ga wasu abubuwan shan ko sun bari ɗungurum. Waɗanda ke sha ma sun fi son fara ko mai kumfa, alhali kusan kashi 85 cikin 100 na abin da Bordo ke yi ja ce.

Na ɗan lokaci Sin ta rufe wannan giɓi. Bayan Hon Kon ta soke harajin giyar inabi a 2008, Sinawa suka shiga saye ba ji ba gani, har da sayen gonakin kansu, Sin ta zama babbar kasuwar Bordo a waje. Daga wajen 2017 shan ya fara ja da baya, har yau bai farfaɗo ba. Abokina ya ce Ostareliya ta fi su shan wuya a can, domin Sin ta lafta wa giyarta harajin da ya kai kashi 218 cikin 100 saboda rikicin siyasa, sai a Maris na 2024 aka janye. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa shan giyar inabi, ita ma ta sa wa giyar Faransa harajin kashi 25 a Oktoban 2019 kan rigimar tallafin kamfanonin jiragen sama Airbus da Boeing. Manomin da bai taɓa ƙera ko ƙusar jirgi ba shi ya biya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a makon da nake can Donald Trump ya yi barazanar harajin kashi 200 kan giyar Turai, rediyon kicin ɗin ba abin da yake maimaitawa sai wannan. Daga baya a 2025 aka tsaya a kashi 15.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne noman ma raguwa yake. Raɓa mai ƙanƙara ta ƙone tohon inabi a Afrilun 2017 da na 2021, cutar fumfuna ta yi ɓarna a 2023. Wata guda bayan tafiyata ƙungiyar OIV ta duniya mai kula da harkar inabi da giyarsa, mai hedkwata a birnin Dijon na Faransa, ta fitar da rahoton 2024: duniya ta samar da lita biliyan 22.6, ta sha biliyan 21.4, duka biyun mafi ƙanƙanta tun 1961. Italiya da Faransa da Sifaniya ne har yanzu a gaba wajen samarwa. Kaya sun yi ƙaranci, amma duk da haka sun fi abin da ake sha.

Kafin mu tafi dattijon ya zaga da mu bayan gida, wani yanki a gangare da ya ce kakansa ne ya dasa. Kututturan sun yi kauri, sun murɗe, gansakuka ta lulluɓe su. Ya riga ya sa hannu a takarda, motar tono za ta zo kafin ƙarshen wata. Na tambayi abin da zai shuka a wurin, ya ce wasu na maganar zaitun, wasu itatuwa, shi bai yanke ba tukuna, ɗansa kuma yana aiki a birni ba shi da niyyar dawowa. Muna cikin magana na lura hannunsa bai zauna ba. Ya zaro almakashin, ya sunkuya kan kuringar da ke kusa da shi, ya datse rassa biyu ya bar ɗaya, ya lanƙwasa shi a hankali kan waya ya ɗaure. Sannan ya matsa ta gaba.