Mako na tara da buɗe bonet: ashe injin bai mutu ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon taɓa inji. Waɗanda muka fara tare sun san ni ba bakanike ba ne. Malamin makaranta ne ni, Asabar da Lahadi kawai nake samu in je garejin Oga in tsuguna a gefensa. Yau mako tara ke nan da na fara taɓa motata da hannuna, ga inda aka kwana.

Motar Corolla ce ta 2005, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Injinta shi ake kira 1ZZ-FE: silinda huɗu a jere, lita 1.8, bawul 16, ƙarfinsa wajen doki 130. Faɗin kowace silinda milimita 79 ne, fistin kuwa yana tafiyar milimita 91.5 daga sama zuwa ƙasa. Tafiyar ta fi faɗin ke nan, shi ya sa yake da ja tun ba a taka totur sosai ba. Jikinsa alminiyum ne, kuma sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsa, ba bel ba.

Ba shi da tobo. Babu abin da ke tura masa iska da ƙarfi, shi da kansa yake zuƙa duk lokacin da fistin ya sauka, kamar yadda mutum ke jan numfashi. Sai da na fahimci wannan na gane dalilin da motar ke yin nauyi in na hau Jos: a tudun da ya kai wajen mita 1,200 iska ba ta da kauri, abin da ya samu shi yake ci. Haka ma in ƙurar hunturu ta toshe filtar iska. Amfaninsa kuwa, kayan da za su lalace ba su da yawa, kuma ɗan koyo yana iya kai hannu kusan ko'ina.

Abin da ya kai ni gareji tun farko, baƙin mai ne ke raguwa. Kusan lita guda a duk kilomita 1,500. Duk wanda na gaya wa sai ya girgiza kai ya ce ringi ya tafi, a sauke inji, ko in nemi na Beljiyam tun kafin ya buga. Maganarsu tana da tushe: an san irin wannan injin na shekarun 1998 zuwa 2002 da shan mai, saboda ramukan da ke mayar da mai a jikin fistin kan toshe, ringin mai ya maƙale. Har na fara tambayar farashi. Oga ya ce, "Malam, kai da kake gyara takardun jarrabawa, kana ba yaro sifili ba ka duba amsarsa ba?"

Sai muka auna matsin cikin silinda. Ga yadda ake yi, don na san wasunku sun sayi gejin suna tsoron taɓa shi. A bar inji ya ɗumama, a cire fulogi duka huɗu, a katse fetur, a ɗaura geji a ramin fulogi, a taka totur har ƙasa, sannan a murza makulli. Taka totur ɗin nan kada a manta da shi. Na manta a karon farko, lambobin suka fito ƙasa, gabana ya faɗi a banza. Ma'aunin wannan inji shi ne 189 psi ga mai lafiya, kada ya gaza 145, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce 15. Nawa ya ba da 178, 175, 180 da 172. Na zauna a kan tsohuwar taya ina ta kallon takardar.

Sai dai kada wani ya ɗauka magana ta ƙare a nan. Ringin da ke riƙe matsi daban, na share mai daban, kuma na biyun yana iya maƙalewa geji bai nuna komai ba. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne salansa ba ta fitar da shuɗin hayaƙi, kuma bakin fulogi a bushe yake.

To ina man yake zuwa? Muka wanke injin tas, na yi kwana uku ina hawa, muka dawo da tocila. Ga shi nan yana tsiyaya ta baya, ɓangaren sarƙa, inda ido ba ya kaiwa sai an leƙa. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke ɗame sarƙar, noti biyu ke riƙe da shi, a jikinsa akwai zoben roba. Robar da ta shekara kusan ashirin tana shan zafi ta bushe, tana karyewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Cire shi ba wuya. Mayarwar ce ke son natsuwa: sai an danne harshensa an maƙale da ɗan ƙugiyarsa, a ɗaure, sannan a juya inji da sifana baya kaɗan ƙugiyar ta saki, a dawo gaba har ya tokare sarƙar. In bai saki ba aka tayar da mota, sarƙa na iya tsallake haƙori. Sau biyu na sa Oga ya kasa kunne kafin na yarda.

Mun canja bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da tururin cikin inji. Tsohon ko ƙara ba ya yi in an girgiza shi. Na zuba baƙin mai mai lamba 5W-30 kamar yadda aka rubuta a murfin, duk da masu cewa zafin ƙasarmu sai 20W-50.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne da muka kwance tiyon lagireto na ƙasa: babu tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama. Wani ya cire shi tun kafin motar ta zo hannuna, ya haɗa fanka kai tsaye tana ta juyawa. Ana yin haka da sunan maganin zafi, amma injin an yi shi ne ya yi aiki da ɗuminsa, tamostat ɗin ba ya buɗewa sai wajen digiri 82. In ya zauna da sanyi, kwamfutar motar takan ci gaba da ƙara masa fetur, aljihu ya ji, man ma ya tsinke. Na samo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, muka gwada shi a tukunyar ruwan zafi muka ga ya buɗe, sannan muka ɗaura, muka mayar da fanka kan wayarta ta asali.

Yanzu na yi kilomita 600 da gyaran. Kowace Juma'a da safe, a wuri ɗaya mai daidai, kafin in tayar, nakan zaro gejin mai in rubuta. Ya ɗan motsa, amma bai kai faɗin farce ba. Sai na cika 1,500 zan san gaskiya.

Saura silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, da yake rawa da sanyin safiya. Asabar mai zuwa zan wanke na'urar auna iska da ke bayan filta, in duba gasket ɗin hanyar iska ko yana shaƙa ta gefe. Wanda ke da gejin auna tazarar bawul ya taimaka ya ara mini, nawa ya tsaya a milimita 0.20.