Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Yadda Bakina Ya Buɗe da Turanci

A makon jiya mun tsaya ne a inda na shiga ajin yamma. Littafina ya cika taf da kalmomin Turanci, na haddace su da ma'anarsu, amma da zarar wani ya yi min magana sai in yi tsuru-tsuru. Kalmomin suna nan a kaina, fitowar ce ta gagara.

Kawu ne ya gano inda gizo ke saƙar. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum marar yawan magana. Ya karɓi littafin, ya gyara zaman tabarau, ya yi ta buɗe shafuka yana lasar yatsa.

"Yaro, duk kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Kawu."

"Madalla. To in mutum ya yi magana ba ka ji ba, kana so ya maimaita, me za ka ce masa?"

Na san "repeat", na san "again", amma yadda zan jera su ya ɓace min. Kawu ya ce, "Could you say that again, please? Ka riƙe ta haka ɗungurungum. Kada ka tsaya tambayar aikin da could yake yi a ciki, wannan karatun gaba ne."

A bayan littafin ya rubuta min wasu da hannunsa: "I don't understand", "What does this mean?", "How do you spell it?", "Could you speak more slowly?" Ya ce mai waɗannan a baki ba a barinsa a baya cikin hira, domin ko bai gane ba yana da abin da zai janyo mai magana ya dawo. Duk wanda ya haɗu da shi ya zama malaminsa ke nan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayaninsa a kan manyan kalmomin da na tara. Ya ce a shekarar 1066 mayaƙan Nomandi suka tsallako daga Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon lokaci, talakawa kuwa suka ci gaba da harshensu. Shi ya sa Turanci yake da hawa biyu. Akwai "purchase" akwai "buy", akwai "commence" akwai "begin", akwai "inquire" akwai "ask". Na farkon na takardun ofis ne da jawabin taro, na biyun kuma su ne a bakin mutane daga safe har dare. Littafina kuwa na saman ya tara. Har yau in na ji wani yana zuba manyan kalmomi a hirar da ba ta kai ta kawo ba, don dai a ce ya iya, sai in tuna da Kawu. Masu harshen kansu ba haka suke magana ba.

Wahalar ma ashe tana cikin ƙananan. "Get", "take", "put", "make", "give": kowanne ba ya wuce haruffa huɗu, amma da ya samu abokin tafiya sai ya sauya kama. "Give up" sarewa ne, "put off" ɗage abu ne zuwa wani lokaci, "look after" kuwa kula da wani ne, ba kallon bayansa ba. Ana cewa "take a photo", ana cewa "heavy rain", in ka ce "strong rain" za a gane ka amma za a san baƙo ne kai. Babu wata ƙa'idar nahawu da za ta faɗa maka wannan, sai dai kunne ya saba. Daga baya na karanta cewa a 1953 wani masani, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su a Turanci, alhali manyan ƙamusoshi suna ɗauke da dubban ɗaruruwa. Na ce lallai Kawu ya san abin da yake yi.

Don kunnen ya saba ya ara min ƙaramar rediyonsa. A lokacin Muryar Amurka tana da wani shiri na masu koyo da ta fara tun 1959, ana karanta labarai a hankali, da gajerun jimloli, cikin kalmomi kamar 1,500. Da dare nakan kanga rediyon a kunne, mai karatu ya faɗa, ni ma in faɗa a bayansa. Ƙannena suna leƙowa suna dariya, na yi kunnen uwar shegu da su. Jimlar da na kama yau sai in sake ta gobe, in sake bayan mako, don in ba haka ba ta gudu.

Furuci kam ya ba ni ruwa. Haruffa 26 ne, sautuka kusan 44, ga "though", "through" da "tough" sun yi kama a takarda amma kowanne da yadda ake faɗarsa. Ga rigimar p da f da ta addabi yawancinmu. Kawu yakan riƙe takarda a gaban bakina ya ce in ce "pan". In takardar ta yi tsalle an dace, in ta yi lilo kawai to "fan" na ce.

Wata safiya a wurin aiki wayar ofis ta yi ƙara, babu kowa sai ni. Na ɗauka gabana na faɗuwa. Mai kiran yana ta sharara Turanci kamar ana korarsa. Ban san lokacin da bakina ya ce "Could you speak more slowly, please?" ba. Ya sassauta. Na ɗauki saƙon, na sa ya jero min haruffan sunansa, na rubuta. Ina ajiye wayar sai na ga oga tsaye a bakin ƙofa, ashe tun ɗazu yana saurare. Ya dube ni ya ce gobe da ƙarfe takwas in same shi a ofishinsa, akwai baƙin da za mu tarbo tare.

Yadda muka kwashe da baƙin nan, sai a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.