Garka da Rumbu a Lokacin Marka

Watan Agusta ne ya fi kowane wata ruwan sama a ƙasar Kano da Jigawa, kuma a cikinsa ake shiga marka, lokacin da gari kan wuni a lulluɓe, yayyafi yana sauka ba ƙaƙƙautawa, har a jera kwanaki ba a ga rana sosai ba. A nan ƙasar Ringim, gero ya riga ya yi tsawo yana fitar da kai, dawa tana baya da sauran tafiya, abin da ke cikin rumbu kuwa ya kusa taɓa ƙasa. Garkar bayan gida ce ke riƙe da tukunya a wannan tsakani, don haka ita nake fara dubawa kowace safiya kafin in wuce gona.

Babbar matsalar garka a marka ita ce ruwan da ya kwanta. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar danshi, shi ya sa idan ruwa ya kwana biyu a gindin masara ko barkono, sai ganyen ya fara yin rawaya daga ƙasa, mai shi ya ɗauka taki ne ya yi ƙaranci. Maganin shi ne a ɗaga kunya, a buɗe wa ruwa hanya da fartanya zuwa kududdufi, amma a lura da inda aka karkata shi, domin katangar ƙasa ta maƙwabci ba ta jure ruwa a gindinta, kuma gidajen da ke rushewa a wannan wata da yawansu ta gindi ruwa ya ci su. Ciyawar da aka nome ma ba a barinta a kan kunya, saboda da yayyafi ya taɓa ta za ta sake kama ƙasa. Gara a kwashe ta a kai wa awakin da ke turke. Takin yuriya kuwa asara ce a watsa shi ana tsaka da ruwa. A jira gari ya ɗan washe, a haƙa ɗan rami kusa da shuka, a zuba a rufe.

Wannan duk ruwan sama ne, wanda fartanya ke iya masa. Na kogin Haɗeja daban ne, domin kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zubo mana, daga can inda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suke, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a can gangaren kogin. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Haɗeja ba ya ƙara ajiye buhun hatsi a kan daɓe.

A ganina, abin da ya fi cin abincin magidanci a damina shi ne jinkirin taɓa ajiya. Mutum ya riƙe buhun wake yana jiran ranar tsanani ko tashin farashi, ran da ya kwance bakinsa sai ya tarar da gari da ƙwari. Ajiya tana da tsarin da ake bi a cinye ta. Kauɗar tumatir ce kan gaba, don tana jan danshi ta yi baƙi ta yi laushi, sai busasshiyar kuɓewa da garin kuka, waɗanda tuni ɗanyar kuɓewa da yakuwa da lalo suka zo su karɓe su. Wake yana biye, sai fa wanda aka ɗaure a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke hana ƙwari iska muddin ba a yawan buɗe shi. Geron da ke zangarniyarsa a dami shi ne na ƙarshe, domin ya fi sussukakke daɗewa nesa ba kusa ba.

Inna ba ta yarda a shanya komai a tsakar gida yanzu ba. A kan faifai take zubawa ta rataye saman murhu, ta ce, “Kai ɗan nan, ranar marka ba a ba ta amana.” Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuma ba ta bari su shiga tukunya, kuma tana da gaskiya, domin irin wannan fumfuna tana haifar da gubar aflatoksin mai lahani ga hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Ita ce kuma ke miƙa ɗan hatsin da ya rage ya kai mu kaka: tsaki kaɗan da zogale mai yawa ya zama dambu, rama ko tafasa da ƙuli su zama kwaɗo, kabewa da yakuwa su cika tukunyar fate.

Da an fara gasa tumu a Satumba, sai a kwashe ragowar da ke gindin rumbu gaba ɗaya, a share shi, a liƙe tsagar da ɓera da gara suka yi, a gyara jinkar da ke yoyo, a bar shi ya sha iska. Ba a ɗora sabon dami a kan tsoho, domin ƙwarin bara suna nan cikin tsohon suna jira.