Kafin ka sa hannu a takardar rancen gwamnati

Ƙannena masu noman rani da ƙananan sana'o'i a Goronyo, Wurno, Gada da Kware, duk ranar da aka ce gwamnati ta kawo kuɗi, ku fara tambaya: kyauta ce ko bashi? Naira 50,000 da gwamnatin tarayya ta raba wa ƙananan 'yan kasuwa a 2024 kyauta ce. Amma naira 10,000 ta TraderMoni da aka fara a 2018 rance ce, haka ma shirin tallafa wa manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015.

Ni ban yi wannan tambayar ba. Mun karɓi rance ta hannun ƙungiyarmu ta manoman albasa, kuɗin bai shigo ba sai bayan an gama dashe. Gona ta riga ta wuce buƙatarsa, sai na ce ai rabona ne daga arzikin ƙasa. Na sayi babur, na gyara ɗaki, sauran ya bi biki da suna.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, hanyar juya kuɗin tana gabana. Lokacin cirar albasa, wajen Maris zuwa Afrilu, kasuwa takan cika har manomi ya rasa mai taya buhunsa. Da na riƙe kuɗin zuwa lokacin, na sayi busasshiya mai ƙaramin wuya, na shimfiɗa ta a rudu inda iska ke ratsawa, ina bi ina tsince wadda ta fara ruɓa, da damina ta yi nisa farashi ya tashi na biya bashin har da riba a hannu. Akwai asara a ajiya, wani kaso dole ya lalace, amma masu haƙurin yin haka su ne ke loda motoci zuwa Legas da Fatakwal. Maƙwabcina da muka karɓa tare haka ya yi.

Bashin kuma bai manta da ni ba. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga kowane asusun da ke ɗauke da BVN ɗin mutum. Ranar da wani dillali ya turo mini kuɗin kaya, kafin in isa wurin mai POS an kwashe. Wannan ma da sauƙi. Mafi zafi shi ne dattawan ƙungiya da suka tsaya mini, aka hana su zagaye na gaba saboda irina. Na daɗe ban iya haɗa ido da su a masallaci ba.

Don Allah, in ba ka da sana'ar da ke tafiya, kada ka karɓi rance don kawai ana rabawa. In kana da ita, tambayi watan da kuɗin zai fito da watan da za a fara biya, ka auna su da lokacin shukarka da na kasuwarka. Ka riƙa rubuta shiga da fita ko da a littafin ɗan makaranta ne, domin masu ba da rance na gaskiya suna dubawa.

Wanda kuma ya zo ƙauye yana neman kuɗin fom, ko BVN da lambar sirrin katinka don ya "sa sunanka", kada ka ba shi. Ka hau mota ka shigo Sakkwato, ka je ofishin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ko reshen Bankin Manoma da ƙafarka, da katin NIN da takardar rajistar ƙungiyarku, ka sa a karanta maka sharuɗɗan da Hausa.