Gidan da na sa aka yanke wa ruwa

Jumma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis bayan shekara tara a sashen karɓar kuɗin ruwa. Abokan aiki sun ce in bar wa yaran da aka ɗauka bana 'yan kalmomi. Karanta mita da raba bil za su koya a wata guda, ba sai na faɗa ba. Labarin gida ɗaya zan ba su, a wani lungu bayan kasuwa.

A shekarata ta biyu aka kawo shirin saka mita a wasu unguwanni, aka ce in tsara farashi. Na yi shi hawa uku kamar yadda ake yi a ƙasashe da dama. Lita 10,000 na farko a wata da araha ƙwarai, ƙasa da abin da ake kashewa wajen tace ruwan da turo shi. Wanda ya wuce nan farashi ya hau, wanda ya ƙara wucewa ya biya da tsada. Tunanina shi ne talaka ruwansa kaɗan ne, mai hali ke wankin mota da ban ruwan fulawa, don haka mai hali zai ɗauke wa talaka nauyi. Na yarda da haka har cikin raina. Oga ya kai takardar gaban manya da sunansa a kai, ban ce uffan ba, tunda a ganina talaka ya samu sauƙi.

Bayan wata shida gidan nan ya fito a saman jerin masu bashi. Da na ga yawan ruwan da mitarsa ta nuna, sai na rubuta a gefe da jan biro: ana sayar da ruwa, a yanke. Daga kan kujerata na yanke hukuncin, ban taka ƙafa na je ba sai ranar da na raka masu sifana.

Gidan haya ne, ɗaki 12, kowane ɗaki da iyalinsa, famfo ɗaya a tsakar gida da bokitai a jere a gabansa. Wata dattijuwa ce ke bin ɗaki-ɗaki tana tara kuɗin. Ta fito da wani gwangwanin madara cike da tsofaffin rasit, ta baje su a kan tabarma, ta ce, "Ɗan nan, duba. Kafin ku kawo ƙarfen nan ba mu taɓa tsallake wata ba." Na ce, "Inna, ruwan da kuke sha ya yi yawa." Ta dube ni, ta dubi yaran da ke riƙe da robobi, ta ce, "To wanne daga ciki zai daina?" Ban ba ta amsa ba. Na ɗaga wa yaran aikinmu hannu, suka kwance mitar suka toshe bututun.

Da dare na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Mutum kusan 60 ne a gidan. Ko lita 20 kowa ya taɓa a rana, jarka ɗaya ke nan ta sha da girki da alwala da wanka, lita 36,000 ce a wata. Ruwan arahar da na ware musu yana ƙarewa cikin kwana takwas, sauran watan duk a farashin masu wankin mota suke biya. Shi kuwa mai gida na kansa, mutum biyar da rijiyar burtsatse da tanki a sama, famfonmu ɗan taɓawa yake yi, bai taɓa fita daga hawan araha ba. Rangwamen da na yi wa Inna, aljihunsa ya faɗa. Su Inna kuma daga ranar sai 'yan garuwa, kura bayan kura, kowace jarka ninkin ba ninkin abin da famfo ke ci ko a hawa na uku.

Daga baya wani malamina na jami'a ya turo min binciken da wani masani, Dale Whittington, ya fitar a 1992, inda ya nuna ainihin wannan matsalar a gidajen haɗaka na birnin Kumasi a Ghana. Tun ina ɗan firamare an rubuta kuskurena, ban karanta ba. A 2019 kuma Bankin Duniya ya duba ƙasashe 10, ya samu kashi 56 cikin ɗari na tallafin ruwan famfo yana tafiya ga kashi 20 na mutane mafi wadata, kashi 6 kacal ke isa ga kashi 20 mafi talauci. Babban dalilin kowa a ofishinmu ya san shi: tallafin cikin bututu yake bi, talaka kuwa bututun bai zo ƙofarsa ba.

Na rubuta takarda shafi uku. Na ce a ƙirga iyalan da ke kan kowace mita a ninka musu hawan araha, kuma a karkatar da wani kaso na tallafin zuwa kuɗin jona ruwa, kamar yadda Senegal ta daɗe tana sauƙaƙa wa ƙananan gidaje a birane. Na shiga wajen oga na ce, "Yallaɓai, tsarin nan yana cutar waɗanda aka yi shi dominsu." Bai ko buɗe ta ba. Ya ce manya sun riga sun yaba, ba zai koma ya ce musu ya yi kuskure ba. Da ƙorafi ya yi yawa har baƙi suka zo duba shirin, a gabana ya ce wani ƙaramin ma'aikaci ne ya yi lissafin. Ranar ce kaɗai aka danganta takardar farashin da ni. Wata biyu bayan nan aka mayar da ni ɗakin ajiye fayil, na shekara biyu a can.

Ga sababbi: kada ku sa jan biro a kan gidan da ba ku shiga ba. Ku tambayi mutum nawa ke bayan mita kafin ku tambayi nawa ta ci. Duk takardar da kuka rubuta ku ajiye kwafi mai sunanku da kwanan wata. Ku riƙa hira da 'yan garuwa, sun fi taswirar ofis sanin layin da ruwa ya daina zuwa.

Sai da aka sauya oga kafin a karɓi shawarar ƙirga iyalai, kuma a unguwa biyu kawai. Lungun bayan kasuwa yana ciki. Na je da kaina da takardar mayar da ruwa, na tarar Inna ta koma ƙauye wajen ɗanta. Matar da ta gaje ta a tara kuɗi ta ce sai an biya tsohon bashi da kuɗin sake jonawa, kuma ɗaki huɗu sun ce ba su da shi. Na rubuta a yafe bashin, na bar takardar a kan teburin wanda ya karɓe ni, ita ce ta sama a cikin koren fayil.